Tambaya da Amsa: Awa Nawa Zan Zaunar da Yarana Karatu a Gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ina yi miki fatan alheri, ya aiki, ya iyali? Ni matar aure ce a Gusau, yarana uku: babban namiji ne mai shekara 8, mai bi masa mace ce mai shekara 6, sai autan mai shekara 4. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya tashi, ga kuɗin makaranta da aka ƙara mana, sai muka yanke shawara ni da maigida na riƙa koyar da su a gida kafin Allah ya kawo sauƙi. Ina da takardar shaidar malanta ta NCE, don haka ban ga abin da zai gagare ni ba. Na rubuta jadawali irin na makaranta na manna a bango, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana. Ƙarfe 4 su tafi Islamiyya sai 6, bayan magariba kuma babansu ya biya musu hadda.

Malama, abin ya ƙi tafiya. Macen da ta ga na shimfiɗa tabarma sai ta ce cikinta na ciwo. Autan ba ya minti biyar a zaune. Babban yana zama, amma abin da na koya masa da safe in na tambaye shi da azahar sai ya yi ta kallona. Ni kuma na zama mafaɗaciya, abincin rana sai la'asar. Da na ce zan rage lokacin, maigida ya ce ai a makaranta ma awa shida suke yi, kakarsu kuma ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don Allah awa nawa ya kamata na riƙa yi da su?

Wata uwa daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya, ya raya miki su, ya buɗa wa maigida. Bari na fara da abin da kike jira. Autan, minti 20 zuwa 30 ya ishe shi a yini, shi ma a rarrabe, minti biyar nan, minti biyar can. Macen, awa ɗaya, in ta yi tsawo awa ɗaya da rabi. Babban, awa biyu, da ɗan hutu a tsakani. Kwana biyar a mako. In kun fara ƙarfe 8, kafin 11 kin naɗe tabarma kin ɗora tukunya. Ki cire wannan jadawalin daga bango yau ɗin nan.

Na san maigida zai ce to ina sauran awannin? Tambayarsa tana kan hanya, kuma ya cancanci amsa, don kuɗinsa da 'ya'yansa ake magana. Na daɗe ina koyar da aji ɗaya da aji biyu kafin na yi ritaya, don haka bari na faɗa masa inda awa shidan nan take tafiya. A yi shara, a yi layi a filin makaranta, a duba farce da kayan makaranta, a yi taken ƙasa. A shiga aji a kira suna. A fita tara, a dawo, sai an ɗauki lokaci kafin aji ya lafa. Malama ta juya ta yi rubutu a allo, yara su kwafa, mai sauri ya gama ya zauna yana jiran mai nawa. Wannan ya ce an ɗauke masa fensir, wancan yana son fita fitsari, wata tana kuka an taka mata ƙafa. Sannan a jera littattafai a kan tebur malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya taɓa leƙa ajin gwamnati a garuruwanmu ya san sau da yawa sun ninka haka. Ki ɗauki darasi mai minti 35 a aji mai yara 70. Ko da malamar ba ta yi komai ba sai bin su ɗaya-ɗaya, rabin minti kowane yaro zai samu. 'Yarki kuwa tana gabanki, idonki a kan yatsanta. Da ta karanta "da" a wurin "ba" kin ji, kin gyara nan take. Abin da malamar aji za ta yi mako kafin ta gano, ke a numfashi ɗaya kin kama shi. Shi ya sa awa ɗaya a gabanki ta fi nauyi a kan yarinya fiye da yadda kike tsammani. A aji tana samun sararin lumshe ido yayin da ake fama da wasu, a gabanki babu wannan sararin. Kin ɗora mata awa shida na kallon ido da ido, abin da ko ɗalibin jami'a ba zai jure ba.

Ba ni kaɗai ke faɗin haka ba. A shekarar 2020, da korona ta rufe makarantu, hukumar ilimi ta jihar Ilinoi a Amurka ta fitar wa iyaye da malamai ma'auni na karatun gida. Ta ce 'yan nazare minti 20 zuwa 60 a yini, 'yan aji ɗaya da biyu minti 45 zuwa 90, 'yan aji uku zuwa biyar awa ɗaya zuwa biyu. Ingila ta fi tsaurarawa a farkon 2021, ta ce awa uku ga masu shekara 5 zuwa 7, amma a cikin awa ukun har da lokacin da yaro zai yi aikinsa shi kaɗai, kuma ta ce a rage wa ƙanana. A ƙasar Finlan, wadda ake yawan buga misali da makarantunta, sai yaro ya shekara 7 yake shiga aji ɗaya, darasi kuma minti 45 ne a fita waje minti 15. Ko wanda ya fi tsanani a cikinsu bai kai rabin abin da 'yarki take ɗauka ba.

Don ki lissafa da kyau. Awa shida a gida, awa biyu a Islamiyya, ga hadda bayan magariba. Yarinya mai shekara 6 tana zaman karatu sama da awa takwas a yini, ya fi na ma'aikacin ofis. Likitocin barci sun ce mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce mai shekara 3 zuwa 4, wato sa'an autanki, yana buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a yini da barcin awa 10 zuwa 13. To yaushe za su yi guje-gujen? Ciwon cikin nan da take faɗa kada ki ɗauke shi ƙarya. Yaro in ya ji tsoron abu cikinsa yakan murɗa da gaske. Ki lura: in ranar da babu karatu ma tana kukan cikin, ko ba ta cin abinci, ki kai ta asibiti. In kuwa sai an shimfiɗa tabarma yake tashi, kin san maganinsa.

Iyaye da yawa in suna lissafin karatun yaro sai su manta da Islamiyya, kamar ba da ƙwaƙwalwa ɗaya ake yin duka biyun ba. Wannan yana ba ni takaici. Ita Islamiyya karatu ce cikakkiya, akwai hadda, akwai rubutu, akwai zama cikin tsara. Kuma magabatanmu sun san gwargwado. Malamin allo yakan rubuta wa ƙaramin yaro layi ɗaya ko biyu ne, ba ya ƙara masa sai ya riƙe, sannan a wanke allo. Sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru. Alhamis da Juma'a kuma hutu. A cikin Bukhari, Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, yana yi wa mutane wa'azi duk ranar Alhamis. Wani ya ce da ma kullum yake yi, sai ya ce abin da ya hana shi shi ne gudun kada ya gundure su, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zaɓa musu lokacin wa'azi don gudun ƙosawarsu. Manya ke nan, sahabbai. Ina ga yarinyar da haƙoranta na gaba ba su gama fita ba?

Yanzu abin da za ki zuba a cikin awar. Tarin darussan nan irin na makaranta ki ajiye su. A wannan shekarun abu uku ne jari: karatu, rubutu, lissafi. Wanda ya iya karatu zai karanta kimiyya da zamantakewa da kansa nan gaba, wanda bai iya ba ko ya haddace sunayen jihohi 36 da manyan biranensu bai tsira ba.

Ki fara da macen, tun da safe, bayan ta karya, lokacin da kanta yake garau. Minti 15 na karatu, kuma da Hausa. Na san za a ce Turanci ake so, amma Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana kama sirrin haɗa baƙi da wasali da wuri, in ya kama kuwa ya kama har abada, sai ya ɗauke shi ya kai Turanci. Ki yanka kwalin sabulu ƙanana, ki rubuta gaɓoɓi: ba, ka, ki, fi, ta, ma. Ki baza a tabarma. Ki ce ta nemo miki "ki", ta nemo "fi", ta jera su. Ki yi shiru, kada ki faɗa mata. Za ki ga leɓenta yana motsi, ki... fi... ki-fi, sai ta ɗago kai da sauri ta ce, "Kifi! Mama, kifi ne!" Wannan ɗagowar kan ita ake nema. Ranar da ta yi ta, ko minti goma kuka yi, karatun yini ya biya. Ki bar ta ta tashi tana murna, gobe ita za ta ɗauko kwalayen. In kin samu littattafan Mu Karanta da aka yi wa 'yan aji ɗaya zuwa uku a jihohin Sakkwato da Bauchi, ko makamantansu da aka raba a Zamfara da Katsina, a kan wannan tsarin aka gina su, ki tambayi malaman firamare na unguwarku.

Daga nan ta tashi ta sha ruwa, ta zagaya tsakar gida. Ta dawo minti 10 na rubutu, layi uku masu kyau sun fi shafi guda na jagwalgwalo. A sake tashi. Sai minti 15 na lissafi da murafen kwalba ko ƙwayar wake, ta ɗaura tsinken tsintsiya goma-goma da kyauro ta ga yadda 23 take ɗauri biyu da tsinke uku. Ki rufe da karanta mata labari, ke ki karanta ita ta saurara, autan ma ya zo ya hau cinya. Shi ke nan, awarta ta cika.

Lokacin da kike tare da ita, babban yana gefe yana aikin da zai iya shi kaɗai, kwafar rubutu ko lissafin jiya. In ta tashi sai ki juyo kansa da sabon darasi. Maganar mantuwarsa kuwa, ba daƙiƙanci ba ne. Kafin abu na farko ya zauna kin ɗora na biyu da na uku har na takwas. Ki koya masa abu ɗaya sabo a lissafi, gobe kafin ku ci gaba ki tambaye shi na jiya, bayan kwana uku ki sake tambaya, ranar Alhamis ku yi bitar na mako gaba ɗaya. Muraja'a ce dai irin wadda babansa yake yi masa a hadda, ita boko ma haka take so. Kuma ki gwada shi tukuna ki ga inda yake tsaye, kada ki bi lambar ajinsa. Ki ba shi baƙaƙe, in ya wuce ki ba shi kalmomi, sannan gajeren sakin layi, sannan labari. Inda ya tsaya nan za ku fara, ko da littafin aji ɗaya ne. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta fito da ita a Indiya, aka kuma yi amfani da ita a makarantun Borno da Kano, kuma su ma awa ɗaya zuwa biyu suke ware mata a yini.

Autan kuwa ki sake shi. Ya yi zane a ƙasa da tsinke, ya ƙirga awaki, ya ware jan murfi daga shuɗi, ku yi waƙar baƙaƙe. Kada ki tilasta masa riƙe fensir yana cika shafi, yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna.

Ki riƙa karanta jikinsu fiye da agogo. Hamma, tauna gindin fensir, zamewa a kwanta a tabarma, neman fitsari sau uku, kuskure a abin da aka iya jiya. In kin ga biyu daga cikin waɗannan, an gama, ko minti nawa ya rage. Duk abin da kika ƙara bayan nan faɗa ne kawai zai biyo baya.

Sauran yinin ma ba a banza yake tafiya ba. Ki aiki babban kanti da naira 1,000 ya sayo abu biyu, ya faɗa miki canjin kafin ya fita. Macen ta auna miki shinkafa, gwangwani nawa ke cika mudu. Su shuka wake a tsohuwar roba su riƙa duba shi kowace safiya. Su yi langa, su yi carafke da 'yar gala-gala da yaran maƙwabta. Abin da kawai zan ja kunnenki a kai shi ne kada awannin da kika rage su koma na waya da talabijin, don in haka ta faru gara ma tabarmar.

Hajiya kakarsu ta faɗi gaskiya, da ɗanyensa ake tanƙwara icce, sai dai mai tanƙwarawa a hankali yake bi, in ya danna da ƙarfi karyewa yake. Kada ki yi musu da ita. Ki roƙe ta ta karɓi darasin dare, ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici, washegari babban ya rubuta abin da Gizo ya yi a layi biyar, ya je ya karanta mata. In ta ji jikanta yana karanta maganarta daga takarda, ita za ta fara kare ki. Maigida kuma kada ki tare shi da dogon bayani. Ki ce ya ba ki wata ɗaya. Yau ya zaunar da macen ya nuna mata kalmomi goma ya ga nawa ta karanta, ya ba babban lissafi goma. Ya rubuta sakamakon ya ajiye a aljihunsa. Bayan wata ɗaya ya sake gwada su. Namiji in ya gani da idonsa ba ya buƙatar a lallashe shi.

Akwai wani haɗari a ɗaya ɓangaren, kuma shi na fi ganin yana kayar da iyaye mata. Awa shida takan koma awa ɗaya, awa ɗaya ta koma "yau akwai suna", gobe baƙi, jibi wanki, sai a wayi gari mako biyu ba a buɗe littafi ba. Gajeren karatu ba ya aiki sai an yi shi kullum, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Hadisi ne sananne cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Daga 8 zuwa 11 ki kashe waya, ki faɗa wa maƙwabta kina aji. Mai aron turmi ta dawo anjima.

Sannan, 'yata, zan faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Najeriya nauyin tabbatar da yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Babban yana da jarrabawar shiga sakandare a gabansa, kuma za a nemi shaidar makaranta. In akwai firamaren gwamnati da ƙafa za ta kai, a ganina ki yi masa rajista, ya je da safe, ke kuma ki ba shi minti 40 naki da ya dawo ya huta. Ajin zai cika, na sani, amma cikowar da aji ya gaza yi ke za ki yi ta, shi kuma ya samu abokai da takarda. In hakan bai yiwu ba yanzu saboda nisa ko tsaron hanya, ki sayi littattafan ajinsu na manhajar gwamnati, ki ware wa kowane yaro jaka, ki riƙa rubuta kwanan wata a kan duk aikin da ya yi. Ranar da za a mayar da su, shugaban makaranta zai gwada su ya kuma duba jakar, ba zai mayar da su baya ba.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni ɗan Kumasi ne mazaunin Buronkis a birnin Niyok. Matata ce ke koyar da ɗanmu mai shekara 7 a gida. An ce mana doka tana son awa 900 a shekara. Yaron ba ya iya zaman awa biyar. Ya za mu yi?

Wani uba daga Amurka

AMSA

Barka kadai, ɗana, a gaida maiɗakin. Abin da aka faɗa muku haka yake. Jihar Niyok tana neman awa 900 a shekara ga 'yan aji ɗaya zuwa shida, in aka raba a kwana 180 awa biyar ke nan a yini. Tana kuma son takardar sanar da niyya, da tsarin abin da za a koyar, da rahoto sau huɗu a shekara, da gwajin ƙarshen shekara. Amma dokar ba ta ce awa biyar a kan kujera ba. Cikin darussan da ita kanta ta lissafa akwai motsa jiki, zane, kiɗa da waƙa, kiwon lafiya da kimiyya. Don haka zaman tebur ya tsaya a awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sauran ku cike da karanta masa littafi, zuwa laburare, ƙwallo a fili, awon fulawa a kicin, ziyarar gidan namun daji da ke nan unguwarku. Maiɗakin ta samu littafi guda ta riƙa rubuta abin da aka yi da tsawon lokacinsa a ranar da aka yi shi, kada ta bari sai lokacin rahoto ta zauna tana tunowa. In kuka tashi komawa wata jiha ku binciki dokarta tun kafin ku ɗaure kaya, don kowace da tata: Fensilbeniya ma tana da ma'aunin kwana 180 ko awa 900, Tekzas kuwa ba ta ƙayyade awanni ba.